Buhu Shida Daga Abatuwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Hajiya Kande ta tsaya a gaban teburina a kasuwar Treichville ba. Ina cikin yanka wa wata mata rabin kilo, sai na ga inuwa ta rufe mini nama. Ban ɗaga kai ba na ce, "Na nawa za a ba ki?"

Ta ce, "Ni ba nama ya kawo ni ba, Baban Hadiza. Mata sun zauna jiya. Sun ce kai za ka riƙe bikin lambu na bana."

Na ajiye wuƙa. Wata biyar ke nan da rasuwar matata Rakiya, Allah Ya jiƙanta, kuma a cikin wata biyar ɗin ban taɓa kawowa a raina cewa lokacin bikin zai zagayo ba ta nan ba.

Na ce, "Hajiya, ni mahauci ne. Abin da na sani shi ne inda ake sa wuƙa."

Hajiya Kande aminiyar Rakiya ce, ta girme mu duka, kayan miya take sayarwa a Adjamé. Ba ta cika maimaita magana ba. Ta ce, "Ba noma muka ce ka yi ba. Ka nemo rumfa, ka nemo kujeru, ranar biki ka tsaya ka yi wa mutane magana a madadinta. Ganyen kuwa ka bar mana."

(Ku riƙe wannan maganar tata ta ƙarshe. Ni ban riƙe ta ba.)

Bari in faɗa muku yadda bikin yake. A unguwar Arras muke zaune, cikin gidajen bene da siminti ya kewaye ta ko'ina, babu ƙasar da mutum zai dasa ko albasa. Rakiya ta fara da na'a-na'a a gwangwanin tumatir a bakin taga. Daga nan sai bokiti, sai tsohuwar tayar mota, sai rabin duro. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Shekara bakwai da suka wuce ta ce, me zai hana rana ɗaya a shekara, bayan manyan ruwa sun ɗauke, kowa ya sauko da nasa filin da ke tsakanin benayenmu biyu, a ga na kowa? Haka aka fara. A hankali masu ɗinkin hula suka zo suka baje nasu, mai sassaƙa ƙwarya ya zo, masu zanen lalle suka zo, wani masaƙi ɗan ƙabilar Baule ya kafa masaƙarsa a gefe, 'yan makaranta suna rataye zane-zanensu a igiyar shanya. Ba a biyan kowa, ba a sayar da tikiti. Matan Adjamé Liberté sukan taho a gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, da bokitansu a cinya, suna gardama da direba a kan ko barkono ma fasinja ne.

A duk shekarun nan rabona da bikin abu biyu ne. Ranar Lahadin da ake bikin ina gasa balangu in raba. Sannan sau biyu a shekara Rakiya takan ce, "Idan ka je abatuwa ka taho mini da taki buhu biyu." Mayanka ke nan, a bakin mutanen nan. In kawo, in ajiye a gindin matattakala, in wuce in yi wanka. Ban taɓa tambayar ina buhunan suke zuwa daga nan ba.

Akwai kuma lallenta. Shi ne a rabin duro mai shuɗin fenti, kullum shi ake sawa a tsakiyar fili. Reshe ne ta yanko daga gidan mahaifiyarta a Jibiya, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta yi kwana uku a mota da shi, lokacin 'yarmu Hadiza tana goye. Yanzu Hadiza tana aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, Faransancinta ya fi Hausarta gudu, kuma an riga an zo neman aurenta. A asibiti, kwana biyu kafin Rakiya ta cika, ta ce mini, "Lallen Hadiza a wancan za a tsinko. Kada a sayo na kasuwa." Abin da ta bar mini ke nan. Tun daga ranar, kowace safiya bayan na dawo masallaci nakan zuba masa ruwa moɗa biyu.

Shiri ya tafi daidai, har na ba kaina mamaki. Na samo rumfuna uku. Na aro kujeru daga masallaci, na aro wasu daga cocin su Tanti Akissi, maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda ita furanni kawai take shukawa. Duk zaman da za a yi sai sun taɓa da Hajiya Kande.

"Akissi, shekara bakwai kina ba fure ruwa. Kin taɓa miya da shi?"

"Hajiya, ke ma shekara bakwai kina shuka kuɓewa. An taɓa kai wa amarya kuɓewa a hannu?"

A ɗaya daga cikin zaman nan ne na ji Tanti Akissi ta shafa ganyen wani alayyahu ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Bana ba su yi kore irin na lokacin Rakiya ba. Takinta muka rasa." Sauran matan suka ce wallahi haka ne.

A raina na ce: Takinta? Ai ni nake kawo shi! Ashe duk sirrin nan da suke yabo a hannuna yake. Na tashi daga wurin ina jin kamar an ba ni wata hanya ta yi wa Rakiya hidima sau ɗaya bayan ta tafi. Na kuma ƙudura ba zan faɗa wa kowa ba, sai ranar biki, idan sun ga ganye ya yi shar.

Ranar Alhamis kowa ya sauko da tukwanensa fili, na Adjamé ma suka kawo nasu, sun haura tamanin. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci matan duk suka tafi suna a Adjamé. Na kira abokina Mamman, wanda muka fara fawa tare kafin ya sayi babur mai ƙafa uku yana dakon nama. Tun da safe na sa an cika mana buhu shida a wurin da ake zazzage tumbin shanu. Na tsaya da kaina na zaɓi na yankan ranar, mai ɗumi, har da ɗan jini-jini. Ku fahimce ni: a sana'armu sabo shi ne mai daraja. Wa zai kai wa mutanen da yake girmamawa naman jiya?

Mamman ya dubi buhunan ya dubi bokitan. Ya ce, "Sarkin fawa, anya bai yi yawa ba?"

Na ce, "Ita biyu take cewa saboda ba ta son wahalar da ni. Yau ni na sa kaina."

Muka bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. In tona, in cusa cikin hannu biyu a gindin saiwa, in mayar da ƙasa in daddanne, don kada a gani. Furannin Tanti Akissi na ƙara musu, saboda kirkin da ta yi mana a zaman makoki. Da na zo kan lalle sai na tsaya. Na ce wannan ba a yi masa awo. Na juye masa rabin buhu. Muka share fili tas, na tafi gida na yi wanka, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Ranar Asabar muna kafa rumfuna, Hadiza ta sauko da shayi, ta tsaya cak.

"Papa, akwai abin da ya mutu a nan."

Na shaƙi iska sosai. Na ce, "Ni ban ji komai ba."

Gaskiya na faɗa. Shekara talatin da ɗaya ina shiga abatuwa kowace safiya. Hancina ya daɗe da ajiye aiki, ni ne dai ba a sanar da ni ba.

Mata suka ce ɓera ne ya mutu. A matsayina na shugaba, ni na jagoranci neman ɓeran. Na sa aka ɗaga murafen kwata, aka leƙa ƙarƙashin matattakala, aka janye tsohuwar motar da ta shekara a gefen fili. Da ba a samu komai ba, sai na gyara hula na taka har bakin titi wurin wata baiwar Allah mai ƙyafe kifi, na yi mata magana cikin ladabi amma da nauyi, cewa gobe muna da baƙi, ta dubi Allah ta kula da ruwan kifinta. (Na koma na ba ta haƙuri daga baya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta kira ƙanwarta ta ce in sake faɗa.)

Da yamma ganyen suka fara sunkuyar da kai. Hajiya Kande ta ce wataƙila don an fito da su daga inuwa zuwa rana ne. Ni kuwa a raina na ce abinci ne ya yi musu nauyi, kamar mutum bayan tuwon sallah. Na ɗauko tiyo na ba su ruwa sosai don ya narke ya shiga.

Lahadi ta zo da rana mai ƙarfi. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya fili ya cika. Mai unguwarmu ya zo da babbar riga, liman ya zo, fadan cocin su Tanti ya zo, 'yan kasuwar Adjamé suka cika kujerun baya. Masu hula sun jera aikinsu, masaƙi ya fara buga ƙoshiya. Sai ƙudaje suka iso. Ba irin ƙananan nan na gida ba, manya masu koren baya. Na gane su kamar yadda mutum yake gane ɗan garinsu a tasha. Na ɗan yi mamakin me ya kawo su Arras, amma aka miƙo mini lasifika, sai tunanin ya wuce.

Na tsaya kusa da lalle. Na yi sallama, na yi wa Rakiya addu'a, aka shafa. Da na ɗago kai sai na ga kusan kowa ya rufe fuska. Mata sun ja mayafi sun toshe hanci da baki. Mai unguwa ya danna hankici a fuskarsa, idanunsa sun yi ja. Fada ya sunkuyar da kai cikin tafin hannunsa.

Na ɗauka kuka suke yi.

Wallahi abin da na ɗauka ke nan. Na ce a raina, dubi yadda ake son matar nan. Na share idona, su ma suka ƙara danna hankici. Sai na ga ba zan iya riƙe albishir ɗin ba kuma.

Na ce, "Jama'a, ku share hawayenku. Na ji kuna cewa kun rasa takin Rakiya. Ba ku rasa shi ba. Ni nake kawo mata shi duk shekarun nan. Kuma shekaranjiya, da hannuna, na zuba wa kowace tukunya da ke filin nan. Buhu shida."

Na dakata don a yi tafi.

Masaƙi ne ya fara tsayar da ƙoshiyarsa. Hajiya Kande ta tashi a hankali, ta je ga bokitin da ya fi kusa da ita, ta tura yatsu cikin ƙasar, ta zaro, ta duba. Ta tako har gabana.

"Baban Hadiza, na yaushe ne?"

Na amsa da alfahari, kuma a bakin lasifika na amsa: "Na ranar Juma'a, Hajiya. Da ɗuminsa na kawo."

Tanti Akissi ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Eh, Allah!" Daga kujerun baya wani ya fashe da dariya ya kasa tsayawa, dariyar ta bi layi har ta iso gaba. Na nemi Mamman da ido, na hango shi ya juya baya yana duba hula kamar zai saya.

Hajiya Kande ba ta yi dariya ba. Ta yi magana a hankali, amma lasifikar tana hannuna a buɗe, kowa ya ji.

Ta ce, "Buhunan da kake ajiyewa a gindin matattakala, ka san wa yake ɗauke su? Ita, a ka, zuwa bayan shagon kafinta. Ta haɗa da garin katako da toka da busasshen ganye. Kowace Juma'a, kana masallaci, ta je ta juya shi da shebur. Wata uku cur, sai ya huce ya zama baƙar ƙasa, sannan ta raba mana a roba. Ɗanye wuta ne, ƙona saiwa yake yi. Shekara bakwai tana wannan, kai kana tsammani daga buhu take zubawa?"

Dariyar ta mutu. Ni kuwa da a ce warin ne kawai, da na jure. Abin da ya sa na kasa ɗaga ido shi ne, a gaban mutum ɗari da wani abu aka faɗa mini inda matata take zuwa kowace Juma'a, kuma ban sani ba. Na tuna yadda nakan dawo in same ta tana wanke ƙafa a bakin famfo, in ce abinci bai sauka ba?

Sai na ji muryar Hadiza a bayana. Ta dafa rabin duron da tafin hannunta. "Papa, duron da zafi."

Tanti Akissi ce ta karɓe lasifikar daga hannuna. Ta ce, "To, an gama jawabi. Kowa ya kama tukunya ɗaya ya kife. A wanke saiwa, a sake ƙasa. Maza, ku ma, ba kallo kuka zo ba!"

Abin da bikin bana ya zama ke nan. Mai unguwa ya naɗe hannun babbar riga ya riƙe tiyo. Liman da fada suka ɗauki taya ɗaya tare, kowa ya kawar da kai gefe. 'Yan kasuwar Adjamé, masu turare mai tsada, suka yi layi da baro suna kwashe abin da na binne. Mamman ya yi sawu uku da babur ɗinsa yana kawo sabuwar ƙasa, duk sawun da ya sauke sai ya ce, "Sarkin fawa, wannan ta kwana, ka yi haƙuri, ba a samu mai ɗumi ba." Ba wanda ya tafi gida. Balangun da na gasa dai bai samu masu ci sosai ba.

An ceci zogale da barkono da yakuwa da mafi yawan kuɓewa. Salak da na'a-na'a sun tafi. Furannin Tanti Akissi, waɗanda na ƙara wa don kirkinta, ko ɗaya bai tashi ba. Da la'asar ta same ni zaune a kan kifaffen bokiti. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Yako," kalmar da ake faɗa wa mai rashi a nan, wadda ta faɗa mini ranar jana'iza. Sannan ta ce, "Kai ma ka ce mini yako, furannina sun mutu." Na ce mata. Mai sassaƙa ƙwarya kuma ya miƙo mini wata ƙaramar ƙwarya kyauta, ya zana mata ƙuda ɗaya babba a tsakiya, da fikafikansa da komai. Tana nan rataye a ɗakina. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Lallen mun wanke saiwarsa ni da Hadiza, muka rage rassan, muka sa shi a sabuwar ƙasa. Ganyen suka zube cikin mako guda. Na ci gaba da ba shi moɗa biyu. A mako na uku na kankare ɓawon da farce, na ga ciki ya bushe har ƙasa. Hadiza tana tsaye. Ta ɗauki moɗar daga hannuna ta kai ciki. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadin da ta biyo na hau gbaka zuwa Adjamé Liberté, don in ba Hajiya Kande haƙuri, in kuma ce a nemi wani shugaban. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in biyo ta. Muka ratsa tsakar gidan hayarsu, ta bayan madafa, sai ga lalle a cikin tsohon bahon wanka, ya fi ni tsawo.

Ta ce, "Reshen naku ne. Ita ta dasa mini da hannunta shekarar da aka fara biki. Gida huɗu ta ba. Lallen Hadiza a nan za a tsinka, na Jibiya ne, ba na kasuwa ba."

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ce, "Hajiya, a yanka mini reshe ɗaya in mayar a duron."

Ta ce, "A'a."

"Hajiya..."

"Shugabanci kana nan, ba mu sauke ka ba, kujerunka sun yi kyau. Reshe kuwa sai ka kawo mini takin da ka yi da kanka. Takin nan naka da aka kwashe daga tukwane yana bayan shagon kafinta, na sa an kai. Shebur ɗinta ma yana can. Juma'a goma sha biyu. Idan na sa hannu na ji sanyi, in yanka maka."

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan aka ce ka bar wa mutane ganyensu, ka bar musu. Idan za ka yi wa mutane alheri a ɓoye, ka fara tambayar ɗaya daga cikinsu a bayyane. Idan kuma kana jawabi ka ga jama'a sun rufe fuska, kada ka yi saurin cewa maganarka ce ta taɓa su, musamman idan kai mahauci ne.

Yanzu kowace Juma'a idan na sauko masallaci nakan cire riga in rataye a ƙusar da ke bayan shagon. Kafintan ya ce a nan take rataye mayafinta. Aikin yana cin kusan awa ɗaya, kuma yana kama baya. Na juya sau bakwai. Saura biyar, rabin duron yana nan a gindin matattakala babu komai a ciki.